Mabuɗi Biyu na Malam Salifu

Shanu goma sha huɗu ne suka ɓace daga garken Larai a Toumboutou, wayewar garin Juma'a. Ba a karya shinge ba. Kwance igiyar ƙofa aka yi, aka kore su, aka maida igiyar yadda take. Mijin Larai ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya biyar da shanun nan, ba gona ba kanti. Kafin azahar kowa a garin ya sami wanda yake zargi. Wasu suka ce makiyayan da suka wuce ranar Laraba ne, wasu suka ce ɗan gida ne, don baƙo bai san ɗaurin igiyar ba. Maƙwabta suka fara gaisawa a tsaye.

Na-Allah mai bin sawu yana Madécali wajen suna, sai da yamma ya dawo. Ya haura sittin, siriri ne, ba ya son magana yana tafiya. Asabar da sassafe ya tsaya bakin garken, Larai tana bayansa da goyo.

"Malam Na-Allah, ko rabinsu ne," in ji ta.

"Ban yi miki alkawari ba. Zan bi dai."

Ruwan ƙarshe na damina ya sauka ranar Alhamis da asuba, ƙasa ba ta gama bushewa ba, saboda haka sawun bai ba shi wahala ba. Mutum uku ne, duk da takalmin roba. Sun bi gefen fadamar shinkafa, suka gangara wani kwari mai goriba, nesa kaɗan da kwalta. Nan shanun suka yini, yawan kashinsu ya nuna haka. Daga baya kamyo, babbar motar kaya, ya ja da baya har bakin kwarin aka loda su.

Akwai kuma mutum na huɗu. Da moto, wato babur, ya zo daga wajen Malanville, ya tsaya can gefe inda babu kashin shanu, bai daɗe ba ya juya. Takalmin biro ne a ƙafarsa, irin na ma'aikatan ofis. An yi wa dugadugin hagu faci da guntun taya, ƙusa uku, ɗaya ta karkace. Na-Allah ya tsuguna a kansa ya daɗe, sannan ya karya ganyen goriba ya rufe shi.

*

A bakin gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, ma'aikatan duwan masu duba kayan da ke tsallake iyaka ba su ɓoye komai ba. Kamyon ya haye Gaya ƙarfe huɗu na yammar Juma'a, da takardar fitar da dabbobi cikakkiya: shanu goma sha huɗu, an duba lafiyarsu, mai su ya sayar. Da aka duba lambarta a na'ura, sai ga ta, ba ta jabu ba ce.

Lajidan Bukari, babba a cikin 'yan sandan Malanville, shi aka ba binciken. An daɗe da canza musu suna da kaki, amma har yanzu jandarma mutanen gari ke ce musu. Sun yi aiki da Na-Allah sau da dama a kan satar dabbobi. Wannan karon da Na-Allah ya iso, ya tarar an riga an kama mutum.

"Malam Salifu na biron takardun dabbobi," in ji Lajidan. "Da sunanshi anka shiga anka fidda takardar, ƙarfe biyu saura minti takwas, ran Juma'a."

"Suna ai kowa na iya ara."

"Da can, Baba. Da kalmar sirri ɗaya ce, kowa a biro ya san ta kowa, wasu ma jikin bango suke liƙa tasu. Tun farkon shekarar ga gwamnati ta ce mabuɗi biyu. Ka buga kalmarka ta sirri, sannan a aiko maka lamba shida a wayarka, ka buga ta kafin minti guda. In babu wayar a hannunka, ko kai ka gina biron ba ka shiga. Kalmar tashi ce, wayar tashi ce. Mi ya rage?"

Na-Allah ya ba shi labarin takalmin. Lajidan ya saurara, ya shafa fuska.

"Na yarda da idonka. Amma alƙali na'ura zai tambaya, ita kuwa Salifu take cewa."

"Kar ka gaya wa kowa zancen takalmin."

"Ba ni da wanda zan gaya wa."

A kasuwa an riga an yanke hukunci. Shekara talatin da ɗaya Malam Salifu yana wannan biro, wata takwas ya rage masa ya yi ritaya, ba a taɓa jin ya karɓi ko goro ba. Yanzu sai aka ce ai irinsu su ne abin tsoro, kura da fatar akuya. Masu moton haya suna nuna wa fasinja ƙofar gidansa.

*

Ranar Lahadi aka shigar da Na-Allah inda ake tsare da shi. Malam Salifu yana zaune kan tabarma, rigarsa fes duk da kwanan da ya yi a ciki. Suka gaisa a tsanake.

"Malam, kai ka yi takardar ga?"

"Ban yi ba."

"Ina kake lokacin?"

"Masallacin Juma'a, sahu na biyu. Mutum ɗari sun gan ni."

"An ce haka. An ce kuma ba sai kana wurin ba, in ka ba wani. Wa ya san kalmarka?"

"Babu."

"Wayar fa?"

Malam Salifu ya gyara zama. "Tana wurina."

"To yaya anka yi?"

"Allah ya sani."

Na-Allah ya yi ta zagaye, ya tambayi maƙiya, ya tambayi wanda ya taɓa hana wa takarda. Amsar duk gajeru ne. Ya sha ganin ɓarayi suna musu, ya sha ganin masu gaskiya suna kuka suna rantsuwa. Wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Mutum ne da ya riga ya shirya zama.

Da zai tashi ya fasa goro ya miƙa masa. Malam Salifu ya kawo hannu, ya wuce goron da kaɗan, ya dawo ya kama. Na-Allah ya ɗauka gajiya ce da duhun ɗakin.

*

Waɗanda ba su yarda Malam Salifu zai yi ba, Rabiou suke zargi. Shi ne matashin da aka turo daga Parakou ya kafa sabon tsarin a birorin garin, kuma baƙo ba ya rasa laifi. Na-Allah ya same shi a ɗakin da yake haya, idonsa ja, an jefi tagar ɗakin da dutse jiya da yamma.

"Baba, ni lambar ba ta biyowa ta wurina," in ji shi. Uwarsa 'yar Gaya ce, Hausarsa ba gargada. "Daga can sama take tasowa ta faɗa wayar mutum. Ko ni in zan shiga, sai an aiko mini tawa. Kuma duk abin da na taɓa, da sunana yake rubutuwa."

"Ba a iya karkatar da ita ta faɗa wata waya?"

"Ana iyawa, in anka sake wa mutum layi a ɓoye. Lajidan ya tambaya, ba a sake nashi ba. Saƙon yana nan cikin wayar Malam Salifu, an buɗe shi, ba a ma goge ba."

"Kuma a ina anka buga ta?"

"Kan teburinshi, cikin biro. Mai gadi ya tafi masallaci, ma'aikata duk suna da mabuɗin ƙofa."

Na-Allah ya dubi takalman da ke bakin ƙofa. Na 'yan ƙwallo ne, ƙafa biyu, babu faci.

"Da kana koya musu, yaya Malam Salifu ya yi?"

Rabiou ya yi tunani. "Bai so ba. Ya ce a bar shi da tsohuwar hanya har ya gama watanninshi. Na ce ba ni na sa doka ba. Sati na farko sau uku na'ura tana kulle shi, lokaci yana ƙure mishi. Daga baya ya iya, ban ƙara jin kukanshi ba." Ya sunkuyar da kai. "Na yi mishi tsawa sau ɗaya a gaban mutane. Sa'an ubana. Abin yana damuna."

*

Wani mai moto ne ya kawo zance na biyu: an ga wayar Malam Salifu a rumfar Ɗanliti mai gyaran waya, bakin babbar kasuwa. Kafin Na-Allah ya isa, Ɗanliti ya ji labari, ya tara shaidu biyu a kan benci.

"Sati biyu ke nan, kuma ba ta kwana nan ba," in ji shi tun kafin a tambaye shi. "A gabanshi na taɓa ta, a gabanshi na miƙa mishi."

"Mi ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace. Cewa ya yi in ƙara girman rubutu. Na ƙara. Ya ce in ƙara. Na kai ƙarshe, harafi ɗaya kamar ƙwaryar goro, na ce Malam iyaka ke nan. Ya riƙe ta ya daɗe, ya ce to, na gode."

"Ran Juma'a ina kake?"

"Gaya, wurin sarin kaya. Sai magariba na dawo, sunana yana rubuce a gada."

Silifas ne a ƙafarsa, kuma maƙwabtansa suka ce ba su taɓa ganinsa da wani abin ba. Na-Allah ya yi sallama ya fito, yana tuna goron jiya.

*

Gidan Malam Salifu yana bayan tashar kamyo. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya, Safi, tana zaune da mijinta da 'ya'yansu uku a sashen gaba. Ta shimfiɗa wa Na-Allah tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta tsuguna daga nesa.

"Tun ran Asabar ba wanda ya shigo gidan ga gaisuwa," in ji ta. "Ko maƙwabta. Yara sun ƙi zuwa lakkol karatu, ana ce musu jikokin ɓarawon shanu."

"Lafiyar Malam fa, kafin wannan?"

"Lafiya lau. Tsufa dai. Ya bar hawa kekenshi tun bara, ya ce gwiwa. Baban yara ke kai shi biro da moto, ya maido shi, tunda wuri ɗaya suke aiki. Har masallaci shi ke kai shi. Wallahi ko ɗan cikinshi iyaka ke nan."

Suna cikin magana mijin ya shigo, Zahiru, mai duba dabbobi a kara, kasuwar shanu, kafin a yi musu takarda. Mutum ne mai fara'a, ɗan shekara arba'in, da sandal a ƙafa da tarin takardu a hannu. Ya durƙusa ya gaida Na-Allah. Ya ce daga wurin lauya yake, tun safe bai sa komai a cikinsa ba.

"Baba ne ya sa ni aikin ga, shi ya ba ni ɗiyarshi," in ji shi. "In ana iya musanya, ni zan kwana can. Ni dai yaron Parakou ɗin nan ban yarda da shi ba."

"Kai ba ka fidda takarda?"

"Ba ni da izini. Nawa duba shanu ne, Baba ke sa hannu."

Safi ta raka Na-Allah har ƙofa. "Baba, ka fiddo mini shi. Ko mi za ka gano, ka fiddo shi."

"Ko mi?"

"Ko mi," in ji ta, ba ta san abin da take roƙo ba.

*

An kulle biron tun ranar Asabar, ba wanda ya yi shara. Litinin da la'asar Lajidan ya buɗe wa Na-Allah ƙofar waje, ya tsaya ƙarƙashin dogon yaro yana jira. Daga inda ake aje motoci zuwa matakalar biro taku ashirin ne, ƙasar laka ce. Waɗanda suka shigo da safiyar Alhamis, bayan ruwan, sun bar sawunsu ya bushe kamar an zana.

Na-Allah ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan wani.

"Zo ka gani. Wanga tsoho ne. Takunshi gajere, ba ya ɗaga ƙafa, jan ta yake. Mai ciwon gwiwa yana jingina nauyi a gefe ɗaya, wanga nauyinshi daidai yake. Duba nan, ga kwatami kowa ya tsallake, shi ya taka tsakiya. Nan kuma bakin matakala, ya sa yatsa ya laluba sau biyu kafin ya hau."

Lajidan ya tsuguna. "Kana nufin ba ya gani?"

"Yana ganin haske da inuwa. Lamba shida cikin minti guda, a'a."

"To wa ke karanta mishi?"

Na-Allah ya nuna da sandarsa. A hagun sawun tsohon, rabin taku a gaba, kusa har kafaɗa za ta taɓa kafaɗa, wani sawu ne ya raka shi tun daga wurin motoci har matakala. Takalmin biro. Dugadugin hagu da facin taya, ƙusa uku, ɗaya a karkace.

Ana jin ƙarar kamyoyi suna hawa gada.

"Da ma a ce yaron Parakou ɗin ne," in ji Lajidan a hankali.

"Da ma."

*

Talata da safe shugaban biron ya aika wa ma'aikata cewa kowa ya zo da shirin aiki, za a buɗe. Aka kira Rabiou da Ɗanliti, aka kawo Malam Salifu a mota. Kafin kowa ya iso, Na-Allah ya share bakin matakala da kansa, ya yayyafa ruwa, ya koma gefe ya zauna kamar mai jiran takarda. Larai ta zo tun daga Toumboutou, ta tsaya a waje. Safi ma tana can, nesa da ita.

Da kowa ya shiga, Lajidan ya ce wa Rabiou ya buɗe wa Malam Salifu hanya, ya aje masa wayarsa a kan tebur.

"Malam, shiga yadda ka saba."

Malam Salifu ya zauna. Ya ɗora yatsa a kan madannai, ya lalubo kusurwa, ya riƙa ƙirgawa daga nan yana dannawa ɗaya ɗaya. Duk wanda ke tsaye a bayansa zai iya haddace kalmar a zama ɗaya. Na'ura ta karɓa. Wayar ta yi ƙara.

"Karanta lambar, ka buga."

Ya ɗauko wayar ya kawo ta har bakin hancinsa. Ya juya ta wajen taga. Leɓensa yana motsi.

"Bakwai," in ji shi. "Huɗu. Ɗaya."

Rabiou, wanda ke ganin fuskar wayar daga inda yake, ya kau da kai. Minti ya cika, lambar ta mutu.

"A sake aikowa," in ji Malam Salifu. "Hasken ɗakin ne."

"Bari, Malam," in ji Na-Allah. "Kar ka wahal da kanka. Tun yaushe?"

Tsohon ya aje wayar. "Shekara ɗaya da rabi. Likita ya ce jijiyar ce, ba ta dawowa. Takardu na san su da ka, hatimi na san wurinshi. Da sun bar ni da kalmata, da na gama watannina ba wanda ya sani."

"Wa ke karanta maka lambar kullum?"

"Duk wanda ke kusa."

Ma'aikatan suka dubi juna. Ba wanda ya ce ya taɓa karanta masa, ba wanda ma ya ce ya san ba ya gani.

"Ran Juma'a, da za ka shiga masallaci, wa ya kashe maka wayar?" in ji Lajidan.

"Ni na yi takardar," in ji Malam Salifu, muryarsa ta sauya. "Na gaji da musu. Ni na yi, ku maida ni, ku sallami mutane."

"Kana sahu na biyu, Malam," in ji Na-Allah. "Ba ka manta ba. Kai ka faɗa."

Na-Allah ya miƙe ya ce kowa ya fito bakin ƙofa, amma kar a sauka. A kan ƙasar da ya jiƙa, sawun duk wanda ya shigo yana nan. Ya nuna ɗaya da sanda, ya nuna busasshen na ranar Alhamis a gefen na tsohon, ya faɗi inda ya ga na uku, a kwarin goriba, rufe da ganye, ga duk mai son zuwa ya gani. Bai kira suna ba. Mutane suka riƙa duban ƙafafun juna, har idanu suka taru a wuri ɗaya.

Zahiru ya dubi takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Baba, ya isa," in ji shi, ba tare da ya juya wajen surukinsa ba. "Kar ka ƙara."

Ya faɗi komai a tsaye, da murya ƙasa ƙasa. Wata tara yana karanta lambar kowace safiya, kalmar kuwa tun satin farko ya haddace ta. Mutanen sun same shi a kara tun watan jiya, sun ce takarda ɗaya kawai, za a ware masa shanu uku a aje masa a hayin kogi. Ranar Juma'a ya zaunar da tsohon a sahu, ya karɓi wayar kamar kullum don ya kashe, ya ce zai je ya gyara wa moto wuri. Biro minti huɗu ne daga masallaci. Kafin a gama huɗuba ya dawo, ya yi salla a sahun baya. Bayan ya kai tsohon gida, ya kai musu takardar.

"Na ɗauka ba wanda zai yarda Baba ne," in ji shi. "Na ɗauka za a ce na'ura ce ta yi kuskure, ko shi." Ya nuna Rabiou da haɓa. "Da anka kama shi, kullum ina cewa gobe zan faɗa."

"Shanun na wa ne, ka tambaya?" in ji Lajidan.

"Ban tambaya ba."

Larai tana jin komai daga bakin ƙofar waje. Ba ta yi zagi ba. Ta gyara goyonta ta zauna a ƙasa. Da aka fito da Zahiru, Safi ta taho da sauri tana tsammanin ubanta za a miƙa mata, sai ta ga wanda ke da ankwa a hannu. Ta tsaya a tsakiyar fili. Ya wuce ta gefenta bai ɗaga kai ba.

*

Shanun an riga an sayar da su gaba, an wuce da su Najeriya. Ukun da aka ware wa Zahiru kaɗai aka samo a wani ƙauye bayan Gaya, aka maido wa Larai. Mutum ukun masu takalmin roba, ɗaya aka kama. Zahiru ya sami shekara biyar a gidan kaso.

An wanke Malam Salifu daga sata, amma ba a wanke shi daga karya doka ba. Takardar da ta zo daga sama ta ce ya ba wani mabuɗinsa da saninsa, ya kuma ɓoye lalurar da ta hana shi aiki. Aka sallame shi saura wata bakwai, maganar haƙƙinsa na ritaya aka ce ana dubawa. Rabiou ya rubuta wa manyansa cewa a samo wa masu raunin ido wata hanya, ko ta yatsa ko ta murya, don kada wani ya sake miƙa wayarsa saboda kunya. Aka amsa masa cewa an ga saƙonsa. Kafin ƙarshen shekara ya nemi a maida shi Parakou.

Bayan wata biyu Na-Allah ya shigo Malanville ranar kasuwa, ya ratsa ta bayan tashar kamyo. Malam Salifu yana zaune a ƙofar gida, ya rame. Ya gane muryar tun daga sallama, ya matsa masa a kan tabarma.

"Ka san shi ne tun farko," in ji Na-Allah bayan sun gaisa.

"Tun da Lajidan ya faɗi lokacin. Ba wanda ya riƙe wayar ga sai shi."

"Kuma ka yi shiru."

"Na yi lissafi, Malam. Ni na ƙare, ido babu, shekaru sun tafi. In ni ne a ciki, gidan ga yana da mai ciyar da shi, yara suna da uba. Kaso da ɗakina, duhun ɗaya ne a wurina. Kai ka zo ka warware."

"Larai ma marayu gare ta, biyar."

"Na sani. Ban ce ka yi laifi ba. Aikinka ka yi, kuma da kyau ka yi shi." Ya juya fuskarsa wajen titi. "Ni ne na ji kunyar in ce ba na gani. Kalma uku. Da na faɗe su, da an sallame ni da mutunci, da yaron ga bai ga ƙofa a buɗe ba."

Safi ta fito da tiren ƙosai a ka, za ta tasha. Da ba ta sana'a. Ta ga baƙon, ta tsaya, ta sauke tiren, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida manya, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce wa ubanta rana ta iso tabarmar, ya tashi ta maida shi ciki kafin ta tafi.

Ta kama hannunsa suka shiga zaure. Na-Allah ya ɗan jira ko za ta dawo ta ce wani abu. Da ta fito, ta ɗauki tirenta ta bi hanyar tasha, shi kuma ya naɗe musu tabarmar, ya jingina ta a bango, ya tafi neman moton Toumboutou.